Dalma a Cikin Kwamfuta, Dalma a Ƙasar Bagega

Daga cikin cututtukan da ke kama na'ura mai ƙwaƙwalwa ta tafi-da-gidanka, wadda wasu ke kira kwamfutar cinya, da wuya a sami wanda ya kai mutuwar hoto ban takaici. Za a danna makunni, fitila ta kama, fanka ta soma juyawa, amma fuskar na'urar ta tsaya baƙi ƙirin. Ko kuwa hoton ya fito da zane-zane ja da kore kamar tabarmar kaba, ya daskare, sa'an nan ya ɗauke. Idan aka kai ta wurin mai gyara a Gusau ko Sakkwato, ko aka nausa da ita har kasuwar Farm Centre ta Kano, sau da yawa amsar guda ce: "Girafik ne ya tafi."

Ga malamin da ya tara sakamakon jarrabawar ɗalibansa a ciki, ko ɗalibin Anka ko Gummi da iyayensa suka yi ƙarfin hali suka saya masa ta hannu domin ya saba da ita kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 1 daga cikin sauye-sauyen 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, wannan magana ba ƙarama ba ce. Wannan maƙala za ta dubi abin da ke mutuwa a cikin na'urar, da dalilin mutuwarsa, da kuma irin gyaran da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Amma bayanin ba zai cika ba sai mun taɓo dalma, ƙarfen nan da mutanen Bagega da maƙwabtansu suka san sharrinsa fiye da kowa a Nijeriya.

Mene ne girafik?

Hoton da ke fuskar kwamfuta ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera layi-layi. Matsakaiciyar fuska tana da ɗigo 1,366 a kwance da 768 a tsaye, wato ɗigo 1,049,088 ke nan, kuma ana sabunta launin kowannensu sau 60 a cikin daƙiƙa guda. Ɗalibin lissafi zai ga cewa wannan ya kusa ɗigo miliyan 63 a kowace daƙiƙa. Saboda yawan wannan aiki ne aka keɓe masa ma'aikaci na musamman, wata 'yar ƙwaya ta silikon da faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba, wadda za mu kira ƙwayar hoto. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar malami guda ce gwani, mai warware tambayoyi masu wuya ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar hoto kuwa kamar gayya ce ta ɗaruruwan manoma, kowa da kunyarsa, aikin ba wuya amma a tare ake yin sa.

A kwamfutar tebur ƙwayar tana zaune ne a kan katinta daban, mai fankarsa, wanda ake zarewa a soka wani cikin 'yan mintoci. Daga nan sunan "katin hoto" ya samo asali, kuma daga nan ruɗanin yake farawa, domin a mafi yawan kwamfutocin cinya babu wani kati. Ko dai ƙwayar hoto tana cikin babbar ƙwaƙwalwar kanta, kamar yadda kamfanonin Intel da AMD suka riƙa yi tun wajen 2010 da 2011, ko kuma an liƙe ta kai tsaye a jikin babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira "bod". Akwai togaciya: a 2004 kamfanin Nvidia ya fito da wani tsari mai suna MXM, ƙaramin kati da ake iya cirewa, kuma ana samun sa a wasu manyan kwamfutoci masu kauri na injiniyoyi da masu wasanni, irin su wasu samfuran Dell Precision da HP ZBook da Alienware. Ko a nan ma sai an dace da katin da girmansa da wutar da yake ja da manhajar allon suka yarda da shi. Irin waɗannan ba su ne suka cika shagunanmu ba.

Inda gizo ke saƙa

Yaya ake liƙe ƙwayar? Hawa biyu ne. Silikon ɗin kansa yana kife a kan wani ɗan faifai kore, kuma tsakaninsu akwai ɗaruruwa ko dubban ɗigon ƙarfen liƙi waɗanda ido ba ya rarrabewa, an cike tsakaninsu da wani irin ƙaro mai tauri domin ya tallafe su. Shi kuma faifan yana zaune a kan babban allo bisa ɗaruruwan 'yan ƙwallayen liƙi, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Ta cikin waɗannan ɗige-ɗige da ƙwallaye ne wuta da saƙonni ke shiga suna fita. Ɗaya tak ya tsage, hoto ya lalace.

Abin da ke tsaga su darasi ne na aji huɗu a kimiyyar fiziya: abu yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, amma ba duk abubuwa ke buɗewa daidai da juna ba. Silikon yana ƙaruwa da kimanin kashi 2.6 cikin miliyan a kowane digiri guda na ma'aunin Salshiyas, alhali kayan da ake yin allo da su suna ƙaruwa da wajen kashi 15 ko 16. Mu ɗauka ƙwayar tana da faɗin santimita 2, wato daga tsakiyarta zuwa gefe santimita 1. Idan zafinta ya tashi daga digiri 30 zuwa 80, bambancin motsin da ke tsakanin silikon da abin da yake zaune a kai, a can gefe, zai kai wajen kashi 6 ko 7 cikin dubu na milimita, kimanin ushirin kaurin gashin kai. Mai karatu zai ce ai wannan ba komai ba ne. To, amma ɗigon da ke ɗaukar wannan ja-in-ja shi ma bai fi kaurin gashin ba sosai, kuma duk kunnawa da kashewa sai an ja shi an sake shi. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san ƙarshen zancen. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe.

Duniya ta ga misalin haka a fili a watan Yuli na 2008, lokacin da kamfanin Nvidia ya sanar da ware dala miliyan 150 zuwa 200 domin biyan ɓarnar wasu ƙwayoyin hotonsa da ke mutuwa tun kafin lokacinsu, ya kuma ɗora laifin a kan raunin kayan da aka haɗa ƙwayar da faifanta da su, tare da yanayin zafin na'urorin. Waɗanda abin ya fi shafa sun haɗa da GeForce 8400M da 8600M, da ke cikin kwamfutocin Dell da HP da Apple na 2007 da 2008. Dell da HP sun fitar da sabuwar manhajar allo wadda ke sa fanka ta riƙa juyawa fiye da da, domin a rage hawa da saukar zafin. Apple ya yi gyara kyauta, sa'an nan a watan Fabrairu na 2015 ya sake buɗe irin wannan shiri ga MacBook Pro na 2011 masu ƙwayar AMD. Masu waɗannan na'urori a Turai da Amurka sun sami diyya ko canji. Na'urorin da suka tsira kuwa, da yawansu sun bi jirgin ruwa zuwa Legas a matsayin kayan gwanjo, suka iso mana da rabin gajiyarsu.

A nan kuma suka tarar da abin da ba a ƙera su dominsa ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafin inuwa a yammacin Zamfara yakan haura digiri 40, don haka iskar da fanka ke zuƙowa domin sanyaya ƙwayar ita kanta mai zafi ce. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin haƙoran jan ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu, ta dunƙule kamar auduga. Man da ake shafawa tsakanin ƙwayar da bututun da ke kwashe zafinta yana bushewa bayan 'yan shekaru. Ga kuma ɗabi'ar ɗora na'ura a kan katifa ko darduma, wadda ke toshe kafofin shan iskarta.

Kada a yi saurin yanke hukunci

Ba duk baƙar fuska ce mutuwar ƙwayar hoto ba, kuma a ganina a nan ne aka fi cutar masu kwamfuta, wani lokaci da gangan, sau da yawa saboda gaggawa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a jona na'urar da talabijin ko wata fuskar ta kafar HDMI ko VGA. Idan hoto ya fito garau a can, to ƙwayar lafiyarta ƙalau. Laifin na fuskar ne, ko na siririn wayar da ke bi ta maƙogwaron murfi, wadda buɗewa da rufewa ke cinyewa. Idan aka haska tocila a jikin baƙar fuskar aka hangi hoto dishi-dishi, fitilar bayan fuskar ce ta mutu. Wani lokaci katin ma'adanar wucin-gadi, wato "ram", shi ne ya motsa ko ya yi datti. A cire shi a goge a mayar. Idan kuma tambarin kamfani yana fitowa tsaf a farkon kunnawa, sai bayan Windows ta buɗe ne hoton ke rikicewa, to a fara zargin manhajar da ke tuƙa ƙwayar kafin a zargi ƙwayar. Sai zane-zanen sun bayyana tun a kan tambari, kuma sun bi hoton har kan talabijin, sa'an nan maganar mai gyara ta fara yin nauyi.

Kuma ko da ta tabbata, ayyukan da ke cikin na'urar ba su mutu ba. Suna cikin faifan ajiya, wanda a yawancin na'urori ake zarewa a karanta a wata kwamfutar. Malamin da ke fargabar sakamakon ɗalibansa ya fara neman a ciro masa wannan kafin a taɓa komai da wuta.

Gashi, sabon ƙwallo, ko sabon allo

Gyaran da ya fi yawa a kasuwa shi ne gashi. Mai gyara zai hura wa ƙwayar iska mai zafi daga bindigar zafi na 'yan mintoci, ya bar ta ta huce, ya kunna, sai ga hoto ya dawo kamar an yi sihiri. Mai kaya ya biya yana godiya. Abin da ya faru shi ne zafin ya sa bakin tsagar ya sake haɗuwa, ƙaron da ke kewaye da ɗigon ya yi laushi ya sake zama. Amma ƙarfen da ya gaji bai warke ba, kuma sau da yawa bayan makonni ko 'yan watanni ciwon yakan dawo. Idan hannun bai ƙware ba, zafin yakan kumbura allo ko ya zubar da ƙananan kayan da ke gefe, a yi gyaran gangar Auzinawa. Gashi yana da amfani guda: ya farfaɗo da na'ura na ɗan lokaci a kwashe abin da ke ciki. Wanda ya sayar da na'urar da aka gasa a matsayin lafiyayya ya ci amanar mai saye.

Mataki na gaba shi ne a ɗaga ƙwayar ɗungurungum da injin da ke dumama allo sama da ƙasa, a share tsofaffin ƙwallayen, a jera sababbi ta cikin wani faranti mai huji-huji, a mayar. Aiki ne na gwaninta, kuma yana magani idan tsagar tana hawan ƙasa ne. Idan kuwa tana hawan sama, tsakanin silikon da faifansa, kamar yadda ta kasance a yawancin ƙwayoyin Nvidia na wancan zamani, to an yi wa ƙafa magani ne alhali ciwon yana kai; abin da ya dawo da hoton zafin aikin ne kawai, wato gashi mai tsada. Maganin gaskiya a nan shi ne sabuwar ƙwaya, kuma samun sabuwa ta ainihi ga na'urar da ta shekara goma ba abu ne mai sauƙi ba, domin kasuwa cike take da waɗanda aka ciro daga matattun alluna aka wanke.

Saura hanyoyi biyu. Na farko a canja babban allon gaba ɗaya, bayan an kwatanta kuɗinsa da na wata na'urar ta hannu. Sau da yawa lissafin ba ya goyon bayan gyaran. Na biyu, wanda na fi so domin ba ya cin ko kwabo a wasu na'urorin: kwamfutoci da yawa da aka ƙera daga 2010 suna da ƙwayar hoto biyu, ƙarama a cikin babbar ƙwaƙwalwa da babba a gefe. Idan babbar ce ta mutu, akan iya kashe ta daga saitin allo ko daga cikin Windows, ƙaramar ta ci gaba da aiki. Ba za ta ɗauki manyan wasanni ba, amma rubutu da lissafi da intanet da atisayen jarrabawa duk za ta yi su ba tare da gardama ba.

Ƙarfen da ke kan teburin mai gyara

Shekara da shekaru, ƙarfen liƙin kayan lantarki gami ne na kuza kashi 63 da dalma kashi 37 cikin 100. Abin sha'awa, dalma zalla tana narkewa a digiri 327, kuza a 232, amma gaminsu yana narkewa a 183 kacal, ga laushi ga sauƙin aiki. Daga 1 ga Yuli, 2006, dokar Tarayyar Turai da ake kira RoHS ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, sai masana'antu suka koma ga gamin kuza da azurfa da jan ƙarfe, wanda sai wajen digiri 217 yake narkewa. Masu gyara da dama, a nan da sauran duniya, sun fi son tsohon gamin, kuma da shi suke jera sababbin ƙwallaye. Ke nan dalmar da aka kora daga masana'anta tana dawowa ta teburin gyara, inda ake kiran ta "led".

Me ya sa Turawa suka kore ta? Amsar tana ƙasar Anka da Bukkuyum. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyuka, yaran da ke mutuwa bayan amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Bincike ya gano cewa dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankin yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Farashin zinariya a lokacin ya haura dala 1,000 a kowace oza, don haka aka riƙa kawo dutsen cikin gari, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana daka shi a turmi a tsakar gida, ƙurarsa tana sauka inda yara ke rarrafe. A wasu wuraren an auna dalmar da ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan a cikin ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka da abokan aikinsu suka bi gida-gida, sun tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka ƙiyasta sun mutu ta kai 400 ko fiye.

An kankare gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma, tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma da yawan jama'a, ita aka bari tana jira, kuma likitoci ba su iya fara ba yaranta maganin da ke tsamo dalma daga jini ba, domin ba shi da amfani ga yaron da zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 a 2012, amma kuɗin bai fito ba sai farkon 2013, bayan matsin lamba daga MSF da Human Rights Watch da wasu matasan Nijeriya, irin su Hamzat Lawal, da suka yi gangamin a ceci Bagega a intanet. A wannan shekarar aka share garin, tare da ƙwararrun kamfanin TerraGraphics, aka fara magani.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: dalmar da ke kan teburin mai gyara ba ta kama ƙafar ta Bagega ba wajen yawa. Amma hanyar shigarta jiki guda ce, wato daga hannu zuwa baki. Hayaƙin da ke tashi daga bakin ƙarfen liƙi galibinsa na ƙaron da ke cikin wayar ne, mai haddasa tari da asma, domin dalma ba ta tafasa sai ta haura digiri 1,700. Haɗarin yana ga burbushin da ke maƙalewa a yatsu da tufafi, ga mai gyaran da ke riƙe wayar liƙi da haƙora domin hannuwansa biyu suna aiki, ga yaron shagon da ke share teburi da tafin hannu sa'an nan ya ɓare gyaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga dalmar da aka haɗiye, kuma ba a san wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Kaɗan ɗin da ba ya kisa yana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma ba ya nuna alama. (Af, kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai a ido sau da yawa daga irin wannan dutse na dalma ake niƙa shi, wani samfurin Nijeriya da aka auna a Boston a 2011 an same shi da dalma sama da kashi 80 cikin 100.) Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, da barin rigar aiki a shago, su ne kariyar da ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Sauran maganar ita ce makomar allon da ya mutu. A bakin mahaɗansa akwai zinariya ta gaske, shafe siriri da aka yi domin ba ta tsatsa, kuma wannan ne ke sa 'yan gwangwan ke sayen matattun alluna. Inda ake ƙona su a fili domin a tsamo jan ƙarfe da zinariya, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshie ta birnin Accra kafin a rushe wurin a 2021, wutar tana kai zafin da ke tayar da dalma cikin hayaƙi, tokar kuma ta zauna a ƙasa ta jira damina. Tsofaffin kwamfutocin cinya na kafin wajen 2010 suna da ƙarin abu guda: siririyar fitilar bayan fuskarsu tana ɗauke da zaiba, ita dai zaibar da masu wankin zinariya ke kama gari da ita. Saboda haka makarantar da ta tara matattun kwamfutoci a sito gara ta bar su a rufe a busasshen wuri, fuskokinsu ba a fasa ba, da ta zuba su a ramin shara na bayan aji inda ake cinna wuta duk ranar Juma'a.